Gaisuwar Auta

Mama ta sauko daga bas, ta ɗaga wayarta kusa da idon da ke gani sosai, ta sake karanta saƙon da ya shigo da safe: "Ina kwana Mama, da fatan kin tashi lafiya." Ta yi tsaki.

Auta, ɗanta na ƙarshe, tun yana makaranta ba ya tashi da wuri sai an yayyafa masa ruwa. Amma watannin nan gaisuwarsa ba ta latti, ba ta fashi, ko harafi ɗaya ba ya canzawa. Da farko har gori take yi wa yayyensa da shi. Sai ranar da ta rubuta masa cewa za a yi mata aiki a idon hagu, tana son ya raka ta. Kafin ta ajiye wayar amsa ta shigo: "To Mama, Allah ya ƙara lafiya." Shi ke nan. Ta kira bai ɗauka ba, bai kuma zo ba. Aikin kuwa gobe ne.

Ba irin tunanin da ba ta yi ba. Ko matarsa ce ke riƙe da wayar? Ko an sace ta? Ko yana kwance a asibiti ana ɓoye mata? Ko da maigadin ofishin da Auta ke aiki ya ce, "Yana nan lafiya, Mama," sai da ta ƙare masa kallo, don yadda ya yi saurin amsawa bai kwanta mata ba.

Wata abokiyar aikinsa mai gilashi ta zaunar da ita a kujerarsa, ta ce ya shiga taro. Ga jakarsa a rataye, ga kofin shayinsa da saura. Hankalinta ya ɗan kwanta. Kwamfutarsa kuma a kunne take.

Tana zaune sai ta ga 'yar kibiyar da ke kan allon kwamfutar ta motsa. Ba wanda ya taɓa komai. Kibiyar ta gangara, ta buɗe wurin hira, ta zaɓi wani hoto. Mama ta matso da fuska. Hotonta ne. Haruffa suka fara jeruwa su kaɗai: "Barka da yamma Mama, ya gida?" Wayarta ta yi ƙara a cinyarta.

"A'uzubillahi! 'Yata, zo ki gani!"

Mai gilashi ta leƙo, ta yi dariya. "Kada ki tsorata, Mama, ba aljanu ba ne. Shi ya saita ta. Sau ɗaya mutum zai nuna mata abin da yake so, inda za ta danna da abin da za ta rubuta, sannan ya sa mata lokaci. Lokacin na yi ta maimaita da kanta. Ai shi gwani ne, rahotanninmu ma haka yake tura su. Wani aikin ma ba lokaci take jira ba, saƙo na shigowa…" Sai ta ga hoton, ta dubi fuskar Mama, ta haɗiye sauran maganar.

Mama ba ta yarda da abin da ba ta gwada ba. Ta ɗauki wayarta, ta rubuta a hankali da yatsa ɗaya: "Auta, gidanmu ya kama da wuta." Ta tura.

Kibiyar ta farka. "To Mama, Allah ya ƙara lafiya."

Abin ya yi mata ciwo ƙwarai. Ta tuna dogayen saƙonnin da ta riƙa rubutawa, na ciwon ƙafa, na mafarkin da ta yi da marigayi babansu, na tsoron da take ji kada ta farka daga aikin ba ta gani. Ashe duk wannan akwatin take ba wa labari.

Ƙofa ta buɗe, Auta ya shigo da takardu a hannu. Ya ja ya tsaya.

"Mama! Lafiya? Me ya faru?"

"Tambayi wannan," ta nuna kwamfutar da haɓa. "Ita na gaya wa."

Ya sunkuya yana jan saƙonnin sama, yana karantawa. Da ya kai kan maganar ido, hannunsa ya tsaya.

"Wallahi Mama, don kada ki ga na manta da ke ne. Aiki ya yi mini yawa, na ce ko gaisuwa dai kada ta yanke…"

"Ai ba ta yanke ba. Ta fi ka ladabi ma." Ta miƙe tana gyara mayafinta. "Kashe ta."

"Zan gyara ta, in kin yi maganar asibiti ta sanar da ni."

"Na ce kashe ta, Auta. Gara in wayi gari in ji shiru, in dai na san shirun naka ne."

Ya danna, ya goge. Ya ɗauki jakarsa ya bi bayanta, mai gilashi tana kiransa a koma taro bai waiwaya ba. A bakin ƙofa Mama ta ɗan lalubi matakala da ƙafa, ya kama hannunta. Ba ta janye ba.