Tela a Gindin Matakala

Tela ya ja birkin kekensa na guragu a gindin matakala, ya ƙirga ta da ido. Hawa goma sha ɗaya kafin kwana, bai kuma san nawa ne bayan kwanar ba. A bango an manna takarda da kibiya tana nuna sama, ɗakin da ɗaliban zanen gine-gine na ajin ƙarshe suke kare ayyukansu.

Mai gadi ya taso daga bencinsa.

"Sannu da zuwa, Baba. Sama za ka?"

"Haka aka ce mini."

"Bari in kira samari huɗu su ɗaga ka har da keken."

Tela ya dubi rigar da ya ɗinka wa kansa musamman don yau, ya shafa wuyanta.

"Bar su kawai. Ni ba firji ba ne."

Ya ciro waya ya kira Auta, 'yar yayarsa. Aikinta ne ya kawo shi. Ta buɗe shafi a intanet ɗauke da taswirar unguwarsu ta bayan tashar mota, inda kowa zai iya sa ɗigo a wurin da titi yake ba shi wahala, ya ɗora hoto, ya yi bayani. Daga ɗigon nan ta zana yadda za a gyara titunan. Yawancin mutane sun sa ɗaya ko biyu sun wuce. Shi kuwa wata biyar ya yi yana fita da sassafe kafin ya buɗe shago, tef ɗin awo a wuya, yana bin lungu-lungu.

Auta ta sauko da gudu, takardu a hannu. Tana ganin inda ya tsaya ta yi turus.

"Kawu, wallahi ban tuna ba. Shekara biyar ina hawan benen nan, ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba."

"Mai ƙafa ai ba ya ƙirga matakala. Ƙarfe nawa za ki fara?"

"Yanzu. Ni ce ta gaba." Idonta ya ciko. "Bari in roƙe su..."

"Kada ki roƙi kowa. Hau ki yi abin da ya kawo ki. Ki gyara ɗankwalinki, ya karkace."

Ta hau tana waiwaye. Mai gadi ya gyara masa wuri a inuwa, suka taɓa hira, har Tela ya lura aljihun kakin mutumin ya ɓarke ya ce ya kawo masa shago. Amma kunnensa yana sama. Ya ji an tafa sau ɗaya, daga nan shiru. Shirun ya yi tsawo har ya fara murza hannun birki.

Sai ya ji takun ƙafafu da yawa. Shugaban sashe ne a gaba, dattijo mai furfura, bayansa wata mata da aka gayyato daga ofishin tsara birni don ta duba ayyukan. Auta na biye da kwamfuta a buɗe a hannunta, ɗalibai sun cika matakalar suna leƙe.

Bayan an gaisa, matar ta shiga magana.

"Malam, ɗigo ɗari huɗu ne a taswirar nan, ɗari da sittin duk daga mutum ɗaya, mai kiran kansa Mai Keke. Na ce wa ɗalibar nan ina zargin ita ta zauna ta cika su don aikin ya yi kauri. Ta ce kana ƙasa. Na ce ka hau." Ta dubi kekensa. "Shi ne muka sauko."

"Kun kyauta. Ni ne Mai Keke."

"Ba ka damu in gwada ka ba?"

"Bismillah."

Ta karɓi kwamfutar ta juya masa bayanta, ta taɓa wani ɗigo.

"Gaban kantin magani, kusa da kwanar tasha."

"Murfin kwata ya karye, ramin inci tara. Tayar gabana inci biyu ce, kin ga ba sai na faɗi abin da ya faru ba. Ranar Talata ne, da ɗinkin mutane a cinyata."

Ɗalibai suka yi dariya. Matar ba ta yi ba, ta taɓa wani.

"Ƙofar asibitin unguwa."

"Nan an yi gangara, Allah ya saka wa wanda ya yi. Sai dai tsayuwarta ta yi yawa, in na hau da baya nake dawowa. Kuma a ƙarshenta aka kafa turken fitila."

Ta gwada shi har sau shida, bai kuskure ko inci ɗaya ba. Shugaban sashe ya cire tabarau yana gogewa.

"Duk da haka," in ji matar, "bukatar mutum ɗaya ce. Titi na kowa ne."

"Hajiya, ki duba hotunan da kyau. Duk inda tayata ta maƙale, nan mai baro yake sauke kaya ya sake ɗorawa. Nan tsohuwa mai sanda take tsayawa jiran wanda zai kama hannunta. Su ba su da lokacin danna waya, ni kuma na riga na tsaya, sai na auna."

Matar ta buɗe hotunan ɗaya bayan ɗaya. Ta daɗe a kan wani, sannan ta juya wurin Auta.

"Nuna mini zanenki na kwanar tashar nan kuma. A nan, ba sai mun koma sama ba."

Aka ɗora kwamfutar a bencin mai gadi. Auta ta fara bayani. Ta nuna inda ta matsar da wurin tsallaka titi, da dalilin da ya sa ta sassauta kowace gangara. Aka yi mata tambaya uku, ta amsa ba ta dubi takarda ba. Tela ya zauna yana kallonta, yarinyar da ya ɗinka wa kayan makaranta tun tana aji ɗaya. Ya ji rigar ta yi masa kaɗan a ƙirji, alhali shi ya auna ta.

Da ta gama, matar ta ce a turo mata taswirar da zanen zuwa ofis kafin ƙarshen mako, za ta sa su a gaban kwamitin gyaran titunan. Ɗalibai suka tafa daga kan matakala.

Shugaban sashe ya matso, ya ɗan rusuna.

"Malam, ina da 'yan aji ɗaya su saba'in. Ina so ka zo ranar Laraba ka yi musu magana. Za mu nemi ɗaki a ƙasa."

Tela ya yi ɗan lissafi a ransa.

"Laraba ba zan samu ba, Farfesa, akwai ɗinkin da na yi alkawari. Sai dai Alhamis, bayan sha biyu."

Farfesa ya ciro ɗan littafinsa, ya soke wani taro, ya rubuta Alhamis.