Kwalaye Shida na Wilfred

Yabo da ɗaukaka su tabbata ga Allah Maɗaukaki, Uban Ubangijinmu Yesu Almasihu, wanda ya ba ɗan adam hikimar ƙera abubuwa masu ban mamaki, bai kuwa ba shi ikon ƙara wa ransa ko yini ɗaya ba. Ya Ubangiji, ka tsare harshena daga ƙari da ragi, ka ba mai karatu zuciyar fahimta. Amin.

Malam Obadiah, tsohon malamin makaranta kuma dattijon ikilisiya a Fadan Kaje, ya binne ɗansa Wilfred ranar Asabar. Zazzaɓi na kwana tara ne ya ɗauke shi yana da shekara ashirin da shida. Ranar Litinin tsohon ya shiga mota zuwa Kafanchan domin ya kwashe kayan ɗakin da marigayin yake haya, gama al'adar zuriyarsu ce a tara kayan mamaci a raba wa gidajen dangi kafin mako ya zagayo, kowane gida ya sami abin tunawa.

Kayan ba su da yawa: katifa, tukunyar gas, takalma, da 'yan riguna. Amma a ƙarƙashin gado ya tarar da kwalaye shida a jere, an lulluɓe su da leda saboda ɗigar rufi, da littafin rubutu irin na 'yan makaranta a kansu. Shafi bayan shafi sunayen kayan kwamfuta ne, an rubuta an soke, an sake rubutawa. A shafi na ƙarshe layi bakwai ne. Shida an yi musu alamar an gama. Na bakwai yana ɗauke da suna biyu, a gefensa kuma an rubuta: a sake tambayar Ifeyinwa.

Malam Obadiah ya gane ko mene ne. A Kirsimetin bara Wilfred ya ce masa zai haɗa kwamfutar wasa da hannunsa, shi kuwa ya amsa a gaban baƙi cewa namiji mai gemu ba ya kawo wa ubansa zancen wasa. Wilfred ya yi dariya tare da baƙin, bai ƙara tayar da maganar ba har ya bar duniya.

Shagon Ifeyinwa yana kusa da tashar jirgin ƙasa. 'Yar wani tsohon ma'aikacin reluwe ce, a Kafanchan aka haife ta, gyaran kwamfuta kuma shi ne sana'arta. Da ta ga littafin a hannun tsohon sai ta ajiye abin da take riƙe da shi, ta jawo masa kujera.

"Sannu, Baba. Allah ya ba da haƙuri. Na je jana'iza, amma mutane ya yi yawa, ban iya zo gaishe ka ba."

"Na gode, 'yata. Ina so ki karanta mini wannan. Haruffan na sani, ma'anar ce ta fi ƙarfina."

Ta buɗe shafukan farko, ta nuna masa inda aka soke layuka da jan biro. Ta ce a nan ne ciwo ya cinye wa Wilfred cittar da ya noma domin ya sami kuɗin kayan, ya zo shagon ya ce mata, Madam, na sauko daga sama. Duk kaya masu tsada ya soke su, ya koma neman na talaka. Ya ɗauki ƙwaƙwalwar kwamfuta mai araha, amma irin wadda ba a kulle ba, wadda mutum zai iya tura ta ta yi gudu fiye da yadda masu ƙera ta suka tsara. Ya nemi babban faifan da ake dasa komai a kansa, wanda zai yarda da wannan turi, domin ba kowanne ne yake yarda ba. Katin da ke zana hoton wasa kuwa na hannu ya saya, bayan ya sa ta gwada shi yini guda.

"Wato ya sayi jaki yana so ya yi tseren doki da shi," in ji Malam Obadiah.

"Haka ne, Baba!" Ta yi dariya, sa'an nan ta share ido. "Amma a kan akwatin wuta, mai raba wa kwamfuta lantarki, ya ƙi araha. Sati uku muna faɗa. Na ce masa, kai Wilfred, kana da taurin kai kamar akuyan kasuwa. Ya ce da irin wutan da ake kawo mana, gara ya ci garin kwaki wata biyu da ya ga kayansa ya ƙone."

"Na bakwai ɗin fa?"

Ta ce fanka ce mai sanyaya ƙwaƙwalwar. Idan aka tura ta gudu sai ta yi zafi, idan zafin ya yi yawa sai ta mutu. Akwai ƙarama mai sauƙin kuɗi, wadda za ta isa idan za a bar ƙwaƙwalwar ta yi tafiyarta ta kullum. Akwai kuma babba mai ƙarafa kamar haƙarƙari, wadda ita ce ta masu turi.

"Wacce ya fi so?"

"Kowane Asabar yana canja magana, Baba. Zuciyansa yana kan babba, aljihunsa yana kan ƙarami."

Tsohon ya daɗe yana duban layin. A wannan zama ne wani buri ya shige shi wanda bai san da shi ba sa'ad da ya fito daga gida: a haɗa abin nan, a kunna shi ko sau ɗaya, ya zauna a gabansa ya ga abin da ɗansa ya so ya nuna masa.

"A kawo babbar," ya ce. "In gudu ya nufa, a ba shi abin gudu."

Ifeyinwa ta ce sai ranar Jumma'a fankar za ta iso daga Legas. Ta ƙara da cewa kada a raba kwalayen, gama kowanne an zaɓe shi ne saboda ɗan'uwansa, shi kaɗai ba ya aikin komai. Rabon kaya kuwa ranar Alhamis ne.

Da yammacin Laraba ya sami wansa Ishmael, babban gidan, a gindin mangwaro yana gyaran ƙotar fartanya.

"Yaya, ina da roƙo. A raba komai, amma a bar mini kwalayen nan shida. Abu ɗaya ne, ba shida ba."

Ishmael bai ɗaga kai ba. "Uba ba ya riƙe kayan ɗansa a gidan nan. Ka manta?"

"Ban manta ba."

"To, madalla. Domin ranar da 'yar ƙanwarmu Dinah ta rasu, kai ka tsaya a tsakar gida da farar rigarka ka hana Dinah keken ɗinkin yarinyar. Ta durƙusa maka, Obadiah. Ka ce al'ada ba ta san hawaye ba. Ni ina wurin."

"Aro kawai nake nema, na mako guda."

"Gida shida ne, kwali shida. Me zan ba su, katifar da ya kwanta ciwo a kai? Kai da kake cewa wasan banza ne, yau ya zama kayan haikali?"

Malam Obadiah ya juya ya tafi, gama duk abin da wansa ya faɗa gaskiya ne.

Ranar Alhamis aka shimfiɗa tabarma, fasto ya yi addu'a, Ishmael ya riƙa kiran gidaje ɗaya bayan ɗaya. Mai babban kwali ya tafi yana murna, mai ƙarami ya karɓa yana juya shi. Uban mamacin yana zaune a gefe, hannuwansa a kan gwiwa, kamar baƙon da ya zo kallo.

Amma al'ada ba ta hana wanda ya karɓi rabonsa ya ba da aro ba. Saboda haka tun daga Litinin ta gaba tsohon ya fara bin gidaje a kan acaɓa, da ciwon gwiwarsa, yana roƙon 'ya'yan da shi ya koya musu karatu. A Zangon Kataf ya tarar an fitar da gidan kwamfutar daga kwalinsa an ɗora rediyo a kai. A wani gida aka ba shi akwatin wuta ana ƙunshe dariya, wata ta ce a bayansa, yadda zai ji, ashe dattijo ma zai fara buga wasa. Ya haɗiye. Kafin Jumma'a kwalaye biyar suna shagon Ifeyinwa, tare da babbar fankar da ta iso.

Saura mafi ƙanƙanta, kwalin ƙwaƙwalwar, wanda ya faɗa hannun Regina a Kagoro. Ƙanwar matarsa marigayiya ce, ita ta goyi Wilfred tun yana ɗan shekara huɗu, ba ta kuwa taɓa haihuwa ba. Ya same ta ta dawo daga taron zumuntar mata, ko ɗankwali ba ta sauya ba.

"Baban Wilfred! Kai ne da rana haka? Shigo, shigo."

Ta kawo masa ruwa, ta zauna, tun bai faɗi abin da ya kawo shi ba ta sa hannu a wuyan rigarta.

"Bari ka ga abin da na yi da rabona. Da na buɗe kwalin sai na ga ɗan abu kamar biskit, bayansa yana ƙyalli kamar zinariya. Na ce wannan ba na ajiya a akwati ba ne."

Ta jawo baƙin zare. A ƙarshensa ƙwaƙwalwar tana lilo, da rami a kusurwarta, an huda ta tsaf.

"Maƙerin bakin kasuwa ya huda mini. Ya ce tana da tauri, sai da ya sa injin. Yanzu duk inda na je yarona yana nan a ƙirjina. Ko ban yi daidai ba?"

Malam Obadiah ya ce zai ɗan fita ya amsa waya. A bayan ɗaki, yana fuskantar dutsen Kagoro, ya kira Ifeyinwa ya gaya mata.

"Baba, ya mutu. Babu mai gyara wannan." Ta numfasa. "Amma zan iya nemo irinsa. Iri ɗaya sak, ba wanda zai gane."

"Wanda za ki nemo, shi ya zaɓe shi?"

"A'a, Baba."

"Shi ya ɗauko shi ya sa a ƙarƙashin gadonsa?"

Ya yi mata godiya, ya ce ta ɗaure kwalayen biyar, zai zo ya ɗauka, gama aro ne, dole ya mayar wa masu su. Fankar kuwa ta ba duk wanda ta ga yana bukata.

Ya koma ciki. Regina tana nan zaune, ta riƙe abin a tafin hannunta tana shafa shi da babban yatsa.

"Ba ka faɗi abin da ya kawo ka ba, Baban Wilfred."

"Gaisuwa ce kawai," ya ce. "Na zo in ga yadda kike."

Ya sha ruwan da ta kawo har ƙasan kofi, ya yi mata addu'a kamar yadda ya saba yi wa masu makoki, ya fita neman acaɓa.

Allah na dukan ta'aziyya ya ba Wilfred hutawa a cikin salamarsa, tare da mahaifiyarsa da dukan waɗanda suka riga mu barci cikin bangaskiya. Ya gafarta wa iyaye maganganun da suka faɗa wa 'ya'yansu a gaban baƙi. Kai kuma mai karatu, Ubangiji ya kiyaye ka da gidanka, ya ba ka kunnen sauraron naka tun suna kusa da kai. Cikin sunan Yesu, amin.