Akwatin Jirgin Auta

Teburin cin abinci ya tashi daga aikinsa tun ranar da Auta ta dawo gida jikinta a sanyaye. Ƙaramin jirgin sama take tuƙawa, mai kujera biyu, kuma a ranar wani jirgin ya gifta ta gabanta har sai da ta ga launin rigar matuƙinsa. Inna ta ce tuƙi ya ƙare. Baba, wanda ya tsufa yana gyaran rediyon jirage, ya roƙi a ɗan ba shi lokaci.

Ya baje wayoyi da dalma da batura. Ɗan akwati yake haɗawa, bai wuce tafin hannu ba, wanda zai riƙa sauraron siginar da jirage ke aikawa, in wani ya matso kusa ya yi ƙara. Batirinsa daban, eriyarsa daban, babu ruwansa da wutar jirgi. Inna ta koma cin abinci da kwano a cinya, tana ci tana harara.

"In bai yi aiki ba fa, Malam?"

"Ni da bakina zan ce ta ajiye."

Ranar gwaji ya zauna kusa da 'yarsa a cikin jirgi, ya rungume akwatin. Suna ɗagawa abu ya kwartsa ihu. Auta ta duba dama, ta duba hagu: sama fes, ko tsuntsu babu. Ihun bai tsaya ba.

"Baba, wane jirgi ne wannan ya manne mana?"

Ya ƙura wa ɗan allon akwatin ido. Nisa sifili, tsayi daidai da nasu. Sai ya dafe goshi. Ya koya wa akwatin jin kowane jirgi, amma ya manta bai gaya masa wanda yake ciki ba.

"Mu ne," ya ce da ƙaramar murya. "Mu yake jin tsoro."

Auta ta yi dariya har jirgin ya ɗan karkace, Baba ya shiga salati. A gida ya saka wa akwatin lambar jirginta don ya daina kai ƙarar kansa. Suka sake gwadawa da jirgin wani abokin aikinta, akwatin ya yi ƙara a daidai inda ya kamata. Inna ta sakar mata mara, ba don ranta ya so ba.

Daga nan Baba ya sami sabuwar sana'a, wato zaman bakin ƙofa. Kullum Auta ta dawo sai ya tambaye ta labarin akwatin.

"Ya yi magana?"

"Ko uffan, Baba."

Sai ya ce alhamdulillahi. Amma gaskiya can ƙasan ransa yana ɗan jin haushi. Mutum ya ƙona yatsunsa wata da watanni, abu kuma ya yi gum. Har jawabin da zai yi wa Inna ranar da akwatin zai nuna kansa ya tanada.

Wata rana da la'asar Auta ta shigo, ta zauna kusa da shi tana kwance igiyar takalmi.

"Yau ya yi magana," ta ce ƙasa-ƙasa. "Ta bayana wani jirgi ya ɓullo, ta ƙarƙashin fuffuke. Sam ban gan shi ba."

Baba ya nemi jawabin nan ya rasa. Tsoro ya kama shi irin wanda ko a sama bai ji ba. Ya riƙe hannun rigarta.

"Ƙus-ƙus ɗin me kuke yi?" Inna ta tambaya daga kicin.

"Ba komai," in ji Baba, bai saki rigar ba. "Yarinya ce ta dawo. Kawo mata ruwa."