Katwere Ba Ya Durƙuso

Girman kai rawanin tsiya ne, kuma ba wanda ya kai shi muni sai wanda mutum ke yi wa jikinsa. Laifin Katwere ke nan, mabugin ɓawo na ƙauyenmu da ke bayan garin Masaka, a ƙasar Buganda.

Shekara arba'in Katwere yana zaune a rumfa, duƙe a kan gungume, yana dukan ɓawon itacen mutuba da guduma har ya baje ya zama jan mayafi mai laushi. A ƙasarmu ba a binne babba sai da wannan mayafi, ba a naɗa magaji sai an yafa masa shi. Hannun Katwere ba shi da na biyu. Amma baya ba gungume ba ne. Kowace damina sai ƙugunsa ya riƙe, ya yi mako a kwance, ya haɗiyi ƙwaya, ya koma bugu. A waccan shekarar har sau uku.

Ana nan sai babban zuriyarsu ya rasu, aka sa wata biyu a naɗa magaji. Tun zamanin kakan Katwere, daga rumfarsu mayafin wannan gida yake fitowa. Matarsa Nalwoga ta tsare shi da magana.

"Maigida, in bayan nan ya sake riƙewa, wa zai buga? Ni? Je ka asibitin gari. Kowace Talata likitar gashin ƙashi tana zuwa. Buyungo ma can yake zuwa."

Buyungo maƙwabcinsa ne, mabugi ne shi ma, tun suna yara suke zolayar juna. Jin sunansa ya sa Katwere ya hau babur ran Talata, don kada a ce wani ya riga shi sanin wani abu.

Yana leƙa ɗakin ya ja ya tsaya. Maza shida a kan tabarmi, gwiwa da hannu a ƙasa, suna ɗaga baya sama suna sauke shi. Buyungo ne a gaba, da furfurarsa.

"Kai, Buyungo! Allura ka yar kake nema?"

"Ƙuruciyata nake nema, tsohon banza. Shigo, akwai tabarma."

Likitar, Nabbosa, ba ta wuce sa'ar 'yarsa ta biyu ba. Ta durƙusa ta gaishe shi yadda kowace 'yar mutunci ke yi, hakan ya yi masa daɗi. Ta danna bayansa, ta sa ya duƙa, ya miƙe, ya ɗaga ƙafa.

"Baba, ba abin da ya karye. Naman da ke riƙe ƙugun ne ya mutu da zama. Ƙwaya tana kashe zafi, amma ba ta hana shi dawowa. Motsi uku zan koya maka, goma-goma kowace safiya. Bismillah, sa gwiwa a ƙasa."

"In sa me?"

"Gwiwa, Baba."

"'Yata, ke Buganda aka haife ki kuwa? Mace ke durƙuso, yaro ke durƙuso. Ni tun da na yi gemu gwiwata ba ta taɓa ƙasa ba sai a coci. Yau in durƙusa gaban wadda ta gama durƙusa mini?"

"Ba ni za ka durƙusa wa ba, bayanka za ka durƙusa wa. In kunya ce, yi a ɗaka, ka rufe ƙofa."

"Ƙofar za ta ɓoye ni daga kaina ne?"

Buyungo ya ɗago kai daga tabarma. "Ƙyale shi, likita. Gwiwarsa ta gado ce, yana adana ta."

Ta ba shi takarda mai zanen motsin uku, ta ce ya riƙa tashi daga gungume yana takawa, kada ya yi wuni a duƙe. Da takardar ya hura wutar turara ɓawo washegari. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, amma wa zai gaya wa Katwere?

Mako shida suka wuce. Buyungo, wanda a da sai an miƙa masa hannu yake tashi, ya koma saɓa nonon ayaba shi kaɗai. Kullum da safe ana ganinsa a tsakar gida kan tabarma, jikokinsa mata suna dariya, shi ko a jikinsa. Ƙugun Katwere kuwa ya yi lamo. Sai ya ɗauka ya ci nasara.

"Ka gani?" in ji shi ta saman shinge. "Kai kana rarrafe, ni ina tsaye, dukanmu lafiya."

"Kura ce ta yi barci, kake cewa ta mutu," in ji Buyungo.

Ruwa ya yi jinkiri, kuma ɓawo ba ya saɓuwa da kyau sai itace ya sha ruwa. Da aka samu ruwan, saura kwana tara naɗi. Da sassafe Katwere ya ɗauki wuƙa da tsani ya tsallaka fadama zuwa gonarsa ta nesa, inda yake da mutuba biyar na ubansa. Bai gaya wa kowa inda za shi ba. Ƙa'idar aiki kowa ya san ta: ka saɓule itace ɗaya, ka naɗe shi da ɗanyen ganyen ayaba kafin rana ta taɓa shi, sannan ka je na gaba. Katwere yana sauri. Ya saɓule biyar ɗin a jere, wai ya naɗe su gaba ɗaya. Sauri kuwa shi ke haifar nawa.

Ya duƙa ya ɗaga naɗin ɓawo na ƙarshe, sai ya ji kamar an soka masa mashi a ƙugu. Ya zube. Ya yunƙura, ina! Ya dafa tsani, tsanin ya bi shi. Ya yi kira har muryarsa ta dushe, ba kowa. Jiki ba ya sanin al'ada. Hanya ɗaya ta rage masa, ita ya bi, gwiwa da hannu, cikin taɓon fadama har bakin rijiya.

Mata huɗu na ɗiban ruwa. Suka ga dattijo tafe, suka rasa yadda za su yi, sai suka yi abin da suka saba. Suka durƙusa. Ga shi ga su, fuska da fuska.

"Ina kwana, Baba?" in ji babbar cikinsu. "Yaya... yaya aiki?"

A motar ɗaukar buhunan kofi aka kai shi asibiti. Zafi da kunya suka ɗaure masa baki, sai a kwana na uku ya ce da Nalwoga, "Itatuwan nan tsirara suke." Ta dafe ƙirji ta aika wa Buyungo. Ya je da ganye a ka, ya tarar rana ta riga ta gama aikinta. Jikin itatuwan ya bushe ya tsage, ɓawon da ke ƙasa ya ƙandare kamar fatar da aka manta a kan shinge.

Ran naɗi aka yafa wa magaji mayafin da Buyungo ya buga. Bai kai na Katwere laushi ba, kowa ya faɗa. Amma shi ne a kafaɗar magaji, kuma a ranar dattawa suka ce daga yau aikin gidan ya koma rumfar Buyungo.

Wanda ya ƙi ji ba zai ƙi gani ba. Ga abin da Katwere ya rasa, mai son ƙirgawa ya ƙirga: itacen mutuba biyar da ubansa ya dasa, uku sun mutu, biyu ba su sake ba da ɓawon kirki ba. Ɓawon damina guda. Mako bakwai a kwance, matarsa na juya shi. Da aikin gidan babban zuriya, wanda kakansa ya riƙe, ubansa ya riƙe, ya suɓuce a hannunsa.