Ranar da Douwe Ya Fita Neman Mai Kama Shi

Tun da bayan Douwe ya lalace a wurin ƙera jiragen ruwa, da kuɗin tallafin gwamnati yake ci, da su yake biyan haya. A watan nan kuɗin ba su shigo ba, mai gida kuma ya ce in wata ya mutu bai ga haya ba, to ya nemi wani ɗakin.

Yayarsa Aukje ce ta buga wa ofishin tallafin waya, don shi ba ya iya doguwar magana da mutanen ofis. Da ta ajiye wayar sai ta tsura masa ido.

"Douwe, ashe nemanka ake yi! Wai gudun hukuma kake."

"Ni? Ni da kullum nake bakin gada ina ba agwagi burodi?"

Ashe tsohon zance ne. Bara an kama shi da raga a rafin da aka hana kamun kifi, alƙali ya yanke masa sharar titi. Ciwon bayansa ya tashi, bai je ba, bai kuma gaya wa kowa ba. Sai aka mayar da hukuncin zaman 'yan kwanaki a gidan yari, aka fitar da takardar kamu. Muddin takardar na kansa, ba tallafi.

Douwe ya buga tebur har kofi ya fantsama. "Shi ke nan? Yaya, ai da sauƙi! In shiga yau, in fito kafin ƙarshen wata, kuɗina su dawo!"

Ya cusa safa da buroshi a jaka, Aukje ta tura masa burodi da cuku, ya haye keke yana fito kamar mai zuwa biki.

Ofishin 'yan sanda a kulle. Ya danna ƙararrawa, wata murya ta fito daga bango ta ce an ba shi rana?

"Ba a ba ni ba. Kama ni za ku yi."

"Sai ka buga waya a ba ka rana, malam."

Ya buga. Ranar da aka ba shi tana cikin watan gobe, bayan an watso masa kaya waje ke nan. Ya tsaya riƙe da keke. Can sai ya tuna yau kasuwa, kuma Tjalling, ɗan sandan unguwa wanda suka yi aji ɗaya, ba ya fashin ɗanyen kifi da albasa.

Da Douwe ya isa kasuwa, Tjalling kuwa yana wurin, ya ɗaga kifi ta wutsiya, ya buɗe baki.

"Yallaɓai! Ga ɓarawonka ya kawo kansa!"

"Douwe, hutun rana nake."

"Ni ma a hutu nake tun bara, shi ya jawo mini. Duba wayarka!"

Mai kifi ta leƙo tana dariya. "Kama shi mana, Tjalling, ko ka samu abin ba jikokinka labari."

Tjalling ya goge yatsu, ya duba, ya ɗaga gira. "To fa. Da gaske ne. Kuma jiya na gaishe ka a bakin gada."

"Har ka ce in gai da Yaya."

"To, na kama ka. Amma ban zo da mota ba."

"Ga kekena!"

Tjalling ya hau nasa keken ya biyo shi, 'yan kasuwa suka bi su da tafi. Douwe ya taka feda, ya manta da wani ciwon baya, iska na kaɗa jakarsa. Ɗakinsa ya tsira.

"Kai, Douwe, sassauta!" Tjalling ya ɗaga murya daga baya yana haki. "In ka ɓace mini sai in rubuta ka sake gudu!"

Nan take Douwe ya matse birki, ya jira shi a gindin gada.