Hancin Waliyyi Tudeg

Waliyyi Tudeg bai taɓa cinye shekara biyu da hanci ɗaya ba. Mutum-mutuminsa na tsaye cikin 'yar rumfar dutse a tsakiyar yashin Porzhig, nan gaɓar tekun yankinmu na Breizh, inda teku ke cika sau biyu kullum ta shanye shi har goshi, sannan ta janye ta bar masa ciyawar ruwa a kafaɗa. An ce wa'azi ya kawo shi tun zamanin kakannin kakanni, amma matan garinmu suka ɗora masa dillancin aure. Duk mai son miji sai ta soka masa fil a hanci. In ruwa ya cika ya janye fil yana nan, a fara ɗinkin kayan biki. In babu, sai kuma baɗi.

Mai kula da hancin shi ne Jakez Ar Bihan, magini, tuzuru ɗan shekara sittin da ɗaya, mutumin da sai ka yi da gaske kafin ka ji kalma goma a bakinsa. Kowace bazara yakan kwaɓa farar ƙasa da yashi ya yi wa waliyyi sabon hanci, mai ɗan laushi yadda fil zai shiga. Kowace Litinin kuma ya sauko da filaya ya zare waɗanda suka yi tsatsa, don tsatsa ke fasa kwaɓin. Ƙa'idar aikin ke nan, mai tsatsa kawai ake taɓawa.

Sau ɗaya a shekara Jakez yake karya ƙa'idar. Kashegarin ranar zagayen waliyyi, wato ranar da ake kewaya gari da addu'a don girmama shi, da ruwa ya janye, yakan tarar an riga shi zuwa an soka wani fil mai shuɗin kai, sabo fil yana ƙyalli. Ya kuwa san mai shi. Da irinsa Rozenn Kerbrat ke kafe farar hular leshin da ta gada daga uwarta, kuma wa zai fi Jakez sani, shi da yake bin bayanta a zagaye kowace shekara, idonsa a ƙeyarta, ana addu'a yana cin tuntuɓe? Rozenn ce mai shagon galet, fanken baƙar alkama, a bakin tashar kwale-kwale. Teku ta cinye mijinta da daɗewa. Jakez yana sonta, son da ya hana shi sakat, bai kuma taɓa ce mata komai ba in ban da "ƙara mini man shanu".

Matsalar ita ce Gurvan mai kiwon kawa, 'yar halittar teku mai ɓawo da ake ci, wani mai gashin baki da dariya kamar ana buga ganga, wanda ke kai mata kwandon kawa duk Juma'a ya zauna yana zuba. Jakez ya yanke wa kansa cewa don Gurvan take soka fil ɗin. Saboda haka, kafin ruwa ya dawo, sai ya waiga dama da hagu ya zare shi. Goma sha tara ke kwance cikin kwalin ashana a aljihunsa. Ya san abin kunya ne, yana kuma jin kunyar, amma ba ta taɓa hana hannunsa ba.

A bana sai magajin gari ya kira shi. Baƙi sun yi yawa, mota-mota suke zuwa, har da tsofaffi masu jikoki suna soka fil don a ɗauke su hoto, hancin ba ya kai watan Agusta. Majalisa ta yanke a sassaƙo na jan dutsen bakin teku, wanda ko ƙusa ba ta huda shi, a liƙa kashegarin zagaye. Jakez ya yi mako uku yana sassaƙa, ya yi kyau kuwa, hanci ne na manyan mutane.

Litinin ɗin, kashegarin zagaye, ta zo da rana mai daɗi da iska mai gishiri. Ya bi 'yar hanyar da ta ratsa ƙayoyi masu rawayar fure, ya gangara tsakanin jajayen duwatsu, jakar aiki a kafaɗa da sabon hancin a ciki. Teku ta ja can baya, kwale-kwale sun kwanta ta haƙarƙari a kan yashi. Fil mai shuɗin kai yana nan, na ashirin.

Ya ciro filaya, ya tsaya. Daga yau babu sauran baɗi. In ya zare wannan, ya zare mata na ƙarshe ke nan, matar da ba ta yi masa laifin komai ba sai ciyar da shi. Ya mai da filaya jaka, ya samu dutse ya zauna, zuciyarsa duk babu daɗi. Ya ce a ransa Gurvan ya ci, a bar ruwa ya yi hukuncinsa.

Bai jima ba ya ji takun takalmin roba a bayansa. Rozenn ce, da falas ɗin kofi a hammata, ta fito daga bayan wani babban dutse inda, ga alama, ta san wurin zama sarai.

"Yau hannun ciwo yake?" ta tambaye shi.

Jakez ya miƙe, hularsa ta faɗi. Ya soma wani bayani a kan tsatsa da gishiri, ta bar shi ya kai tsakiya sannan ta katse shi. Ta ce a bayan dutsen can take zama kowace shekara. Tana ganinsa ya waiga dama, ya waiga hagu, ya zare, sai ta koma shago ta ɗora kasko.

"To me ya sa ba ki taɓa yi mini magana ba?"

"In ce me? Mace ta soka fil, mutumin da ta soka dominsa ya zo da filaya ya cire. Ai ya ba ta amsa."

Jakez ya nemi dutsen nan ya sake zama. Da ƙyar ya furta sunan Gurvan. Rozenn ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce bawan Allah, Gurvan kawa yake sayar mata, kuma ko kawar ma sai ta ƙirga da kanta. Sai dariyar ta tsaya. Ta ce shekarun farko takan yi kuka a hanyar komawa. Daga baya ta saba, ta riƙa zuwa kawai don ta ga ko wata shekara zai manta filayarsa a gida.

Ya ciro kwalin ashana ya buɗe mata. Ta ƙirga da ɗan yatsa, goma sha tara cif, ko ɗaya bai yi tsatsa ba, don yana goge su da mai.

"Lallai kai wawa ne, Jakez," ta ce, murya ƙasa-ƙasa. "Shekara goma sha tara."

Ya rufe kwalin ya mayar aljihu. Ruwa ya riga ya juyo, yana rarrafowa ta ƙananan ramukan yashi, kwale-kwalen farko ya fara miƙewa. Rozenn ta dubi hancin bana, duk ya rarake ya tsattsage, ta ce da wuya ya riƙe komai, an ce yau igiyar ruwa da ƙarfi za ta zo.

Jakez ya buɗe jaka. Ya ture jan hancin magajin gari gefe, ya zaro 'yar gudumarsa, ya taka cikin ruwan da ya kai idon sawu. Ya ce waliyyi ya yi haƙuri, sannan ya shiga buga fil ɗin a hankali, har sai da shuɗin kan kawai ya rage a waje.

"Wannan maguɗi ne," in ji Rozenn.

"Na saba," ya ce, ya ƙara masa bugu ɗaya.