Talaucin Maama Kiberu

Nassuna ta durƙusa a bakin ƙofa za ta gaida gwaggonta, kyamarar makaranta na rataye a wuyanta, sai ta shiga ƙare wa ɗakin kallo. Wannan ai ba ɗakin da ta tashi a ciki ba ne. Inda tsohuwar tabarma take, an girke doguwar kujera mai laushi. Ga labule mai furanni, ga talabijin a kan tebur, alhali an yanke wutar ɗakin tun bara. Bokitan da ke tarar yoyon rufi sun yi ɓatan dabo, tabon ruwan da ke bango kuma an rufe shi da kalanda.

Gwaggo Nabbosa na hakimce cikin gomesi, doguwar rigar bikin matan Uganda, ruwan zinare, kafaɗun rigar a tsaye kamar kunnen zomo.

"Gwaggo, mene ne haka?"

"Tashi mana, 'yar nan. Ba ke kika ce za a haska ni a gaban manya ba? So kike a ce gwaggon 'yar jami'a da bokiti take kwana?"

Gasa ce ta ɗaliban fim, gobe ake rufe karɓa. Masu hannu da shuni za su sayi tikiti da tsada, su zauna a otal mai sanyi su kalli wahalar Kampala, su share hawaye, su wuce teburin abinci. Wanda ya ci zai tafi horo Afirka ta Kudu, abin da aka tara kuma a taimaki mutanen da ke cikin fim ɗinsa. Nassuna ta gama tsarinta tsaf: ita tafiya, gwaggon da ta raine ta kuma sabon rufi. Malaminsu bai ɓoye musu ba, ya ce in alƙalai ba su nemi hankici ba, to an faɗi.

Ta kunna kyamara a hakan.

"Gwaggo, yaya damina take a nan unguwarmu ta Bwaise?"

"Ni'ima ce. Allah Ya ƙaro."

"Ranar da ruwa ya tafi da katifarmu fa?"

"Dama ta tsufa."

"Tun ina yarinya kike gasa ayaba a bakin titi…"

"Ki ce harkar abinci nake yi."

Nassuna ta ji kamar ta kwanta ta yi birgima. "Gwaggo, don Allah ko kalandar nan ki bari in cire. Rufinki nake nema miki fa!"

"Rufin da sai na tsaya tsirara a gaban duniya za a ba ni, a bar shi ya yi ta yoyo. Juyo da abin nan ta wajen labule, ya fi kyau."

Haka aka yi ta fama har rana ta take, gwaggo na murmushi tana gode wa Allah, katin kyamara ya cika fal da jin daɗi. Batir ya fara ƙiftawa. A duk layin, ɗakin Maama Kiberu kaɗai ke da wuta, don haka Nassuna ta nufi can.

Maama Kiberu ce mai ɗakunan layin gaba ɗaya, da baburan haya, wato boda, da ke mata aiki a gari. Ita ce kuma ta yi shekara da shekaru tana cewa za a duba rufin Gwaggo Nabbosa "wata mai zuwa". Ita ta ba da aron kujera da labule da talabijin har da tukwane. Kada wani ya ɗauka don Allah ta yi. So take a ga ɗakin hayarta ya fito da kyau a majigi, ta samu bakin ƙara kuɗin haya.

Nassuna ta tura ƙofa, ta tsaya cak. Ɗaki wayam. Tsohuwa zaune a kan jarka cikin koɗaɗɗen zane, tana cin tuwon masarar jiya a murfin kwano. Hasken taga ya sauka daidai kan rabin fuskarta. Tun da ta shiga jami'a ba ta taɓa ganin hoto irin wannan ba, kuma ta ji kunyar yadda zuciyarta ta yi tsalle.

"Kun gama ne in aika a kwaso min kayana?" in ji Maama Kiberu.

"Tukuna, Maama. Gwaggo ta ƙi yin kuka."

"Kuka kuma? Biya ake yi?"

Nassuna ta yi mata bayani a gurguje. Maama Kiberu ta daina tauna. A hankali ta zare 'yan kunnenta na zinare, ta tura su ƙarƙashin cinya tare da wayarta.

"Ni fa mijina ya mutu," ta ce, muryarta har ta fara rawa. "Dubi ɗakina, 'yata. Dubi abin da nake ci."

Hawayen suka zubo shar, ba ko yunƙuri. Sarai Nassuna ta san lissafin: da wannan fuskar za ta ci gasa, taimakon kuma wannan jarkar zai zo ya tarar, rufin gwaggo ya ci gaba da zuba. Ta jona batir, ta duba kati, babu wuri ko na minti ɗaya. Kyamara ta tambaye ta ko ta tabbata tana son ta goge duka. Ta daɗe tana kallon ƙaramin hoton gwaggo cikin gomesi, sannan ta danna.

"Maama, ɗan matso wajen haske. Ki sake farowa daga mutuwar mijin."

Da la'asar Gwaggo Nabbosa ta rako ta bakin titi, ta cusa mata ƙunshin kaza da matoke, wato dafaffiyar ayaba, a jaka, ta tsayar mata da boda, ta kuma rantse ita za ta biya. Sai da Nassuna ta hau, gwaggo ta riƙo hannunta, ta rage murya.

"Faɗa min gaskiya. Na fito da kyau ko? Ban ba ki kunya ba?"

"Ba ki ba ni kunya ba, Gwaggo."

"Madalla. Ki nema min tikiti a layin gaba, na riga na gayyato matan cocinmu."